Jera haruffan ado a shafin albam: girma, layi, tazara da haruffa masu ƙugiya

Wata 'yar'uwa daga Garwa da ke haɗa albam ɗin biki da na suna a kwamfuta ta aiko da tambaya. Ta ce ta sauke haruffan ado daga intanet, irin waɗanda kowane harafi hoto ne shi kaɗai, na ruwan zinare da na fure. In ta jera su ta rubuta sunan amarya sai su fito a karkace, wani sama wani ƙasa, in an buga a situdiyo kuma sai su yi dishi-dishi. Sannan babu ɗ da ƙ a cikinsu, ga shi tana son rubuta "Ɗaurin Aure". Ina mafita?

Malama, matsalolin nan uku duk tushensu ɗaya. Abin da kika sauke hotuna ne masu siffar haruffa, kwamfuta ba ta san cewa rubutu ba ne. In kika buga kalma da allon rubutu, manhaja ce ke ɗora haruffan a layi guda, ta ba kowanne tazarar da ta dace da shi, ta girmama su ba tare da sun lalace ba. Da zarar harafi ya zama hoto, duk wannan hidimar ta dawo wuyanki. Saboda haka kafin ki fara, ki yanke shawarar inda za ki sa su. Wurinsu babban take ne kawai: sunan jariri, sunan ango da amarya, kalma biyu ko uku. Kwanan wata, sunan unguwa, addu'a da bayanin hoto, waɗannan a buga su da rubutu na yau da kullum. Shafin da aka cika da haruffan ado daga sama har ƙasa ba ya karantuwa, kuma yana danne hoton da aka yi albam ɗin dominsa.

Mu fara da dishi-dishin, don shi ne ke jawo asarar kuɗin bugu. Hoton da za a buga a takarda yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. To, harafin da tsayinsa fiksel 300 ne (fiksel shi ne ɗigon hoto a kwamfuta), iyakar tsayin da zai fito garau a takarda santimita biyu da rabi ne. In kina son take mai tsayin santimita 5, kowane harafi sai ya kai fiksel 590 ko fiye. Ki duba bayanan fayil ɗin kafin ki ɗora shi a shafi. Yawancin abin da ake ɗebowa daga sakamakon binciken hotuna ƙananan samfura ne na fiksel 150 ko 200, a fuskar waya suna da kyau, amma in kika ja su suka cika rabin shafi, manhaja ƙirƙiro ɗigon da babu take yi ta cike gurbi, shi ya sa bakin harafin ke narkewa. Rage girman harafi ba ya ɓata shi. Ƙara masa girma ne ke ɓata shi, kuma in ƙarin ya wuce kamar kashi ɗaya cikin biyar ido zai gani a takarda. Wani abin da ke faruwa ba a lura ba: a rage harafi, a tabbatar, daga baya a ga ya yi ƙanƙanta a sake ja. Ɗigon da aka zubar a ragin farko ba sa dawowa. In haka ta faru, ki goge shi ki sake ɗauko na asali.

Shi ma shafin ki buɗe shi da ma'aunin da ya dace tun farko. A4 fiksel 2480 a 3508 ne. Shafin santimita 20 a 30, fiksel 2362 a 3543. Masu sayar da kayan adon nan a Amurka galibi suna yin su ne don shafin inci 12 a 12, wato fiksel 3600 kowane gefe, don haka haruffansu na asali kan isa albam ɗinmu har da saura. Ki tambayi mai bugawa girman takardarsa kafin ki ɗora ko da harafi ɗaya, domin sauya girman shafi bayan an gama jeri yana nufin sake aikin.

Fayil ɗin harafi ya zama hoto nau'in PNG marar bango, wato wanda babu launi a bayan harafin. JPEG ba ya iya riƙe bango marar launi, shi ya sa wani harafin ke zuwa cikin farin akwati. Irin haka ce ke faruwa in wani ya turo miki haruffan ta WhatsApp a matsayin hoto: manhajar tana matse su, ta mai da su JPEG, bangon ya koma fari ko baƙi. A turo su a matsayin takarda (zaɓin Document na WhatsApp), ko a dunƙule su cikin fayil ɗin ZIP. In kuma kin cire bangon da kanki, ki ɗora harafin a kan launi mai duhu ki zuƙo shi sosai. Sau da yawa za ki ga siririn farin zare ya zagaye shi, ragowar tsohon bangon ne. Ki aske fiksel ɗaya ko biyu daga bakinsa, in ba haka ba a kan shafi mai ruwan bula zai fito kamar an yanko shi da reza.

Yanzu jerin. Ki shigo da duk haruffan kalmar lokaci guda, kowanne a leyarsa, wato shimfiɗarsa ta daban a cikin manhajar (in kwamfutarki da Faransanci take, leya ita ce calque). Harafin da ya maimaitu, kamar A a FATIMA, ki kwafa shi daga wanda kika riga kika shigo da shi. Ki zaɓe su gaba ɗaya ki rage su tare, da jan guda, daga kusurwa. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. In kika rage su ɗaya bayan ɗaya da ido, kaurin sandar F zai bambanta da na M, kuma ko wanda bai san aikin ba zai ji cewa wani abu bai zauna ba, ko da bai iya nuna shi ba. Ki tabbata tsawo da faɗi a ɗaure suke wajen ragewa. A manhajar gyaran hoto ta GIMP alamar sarƙa ce ke ɗaure su. A Photoshop na da sai an danne Shift, a na 2019 zuwa yau kuwa a ɗaure suke da kansu, Shift ɗin ne ke kwance su, don haka ki san wanda ke kwamfutarki.

Sai ki jawo layin awo daga rular sama ki ajiye inda ƙasan haruffan zai zauna. Akwai maɓallin da ke daidaita ƙasan abubuwan da aka zaɓa, kuma yana da amfani in duk manyan baƙaƙe ne, amma yana yaudara ta hanyoyi uku. Na farko, haruffa masu wutsiya irin su g, j, y da p dole wutsiyarsu ta sauka ƙasan layi. Maɓallin zai ɗaga su ya ɗora ƙarshen wutsiyar a kan layin, sai "Hajiya" ta fito j da y sun yi tsalle. Na biyu, a wasu manhajojin, musamman na waya, abin da ake daidaitawa akwatin hoton ne, kuma fankon da ke kewaye da harafi a cikin akwatin ba daidai yake ba daga fayil zuwa fayil. Maganinsa a datse fankon kafin a fara. Na uku, haruffa masu zagaye, O, S, C da U, in ƙasansu ya tsaya cif a kan layi sai su yi kamar sun fi sauran gajarta. Masu zana haruffa da gangan suke sa su ɗan zarce layin. Ki sauko da su fiksel biyar zuwa takwas a harafin da ya kai 600, da maɓallan kibiya, ba da jan hannu ba.

Tazara ita ce inda ake gane gwani, kuma a nan zan daɗe. Kada ki dogara da maɓallin da ke raba tazara daidai wa daida. Yana auna daga bakin akwati zuwa bakin akwati ne, ido kuwa fankon da ke tsakanin siffofi yake gani. Ɗauki HAUWA da manyan baƙaƙe. H sanda ce a miƙe, A ta buɗe ƙafa a ƙasa ta tsuke a sama, W akasin haka. In kika ba W da A tazara ɗaya da wadda kika ba H da A, sunan zai karantu kamar HAUW A, domin gangaren W da na A sun bar wata hanya a tsakaninsu. Dole A ta matso har ƙafarta ta shiga ƙarƙashin hannun W. Haka F da A, A da T, L da A, A da Y, duk suna son matsi. Sanda kusa da sanda kuwa, kamar M, I, N a AMINA, su ne ke bukatar iska fiye da kowa, in suka matsu sai su zama shinge. Zagaye kusa da zagaye yana son tazara kaɗan, zagaye kusa da sanda matsakaiciya. Hanyar da ta fi sauƙi: ki fara da haruffa biyu masu sanda, ki ba su tazarar da ta yi miki, ta zama ma'auninki. Daga nan ki riƙa duba haruffa uku-uku, kina rufe sauran da hannu, kina tambayar kanki ko na tsakiyan yana tsakiya. In kin gama ki juya shafin ƙasa ta koma sama. Da yake ba za ki iya karanta kalmar ba, idonki zai koma kan gurabe, duk inda ya yi rami zai bayyana. Tsakanin kalma da kalma kuwa, faɗin harafin I tare da iskarsa ya wadatar. Mutane kan buɗe fiye da haka har take ɗaya ya rabu biyu.

In kina son jerin wasa, haruffa su ɗan karkata dama da hagu kamar na albam ɗin yara, ki fara jera su daidai tukuna, sannan ki juya kowanne digiri uku zuwa biyar, kina sauya ɓangare. Abin da ya wuce haka ba ya kama da ado.

Ga batun ɗ da ƙ. Kusan duk haruffan adon da ke intanet an yi su ne don Turancin Ingilishi, baƙaƙe 26 da lambobi. Mu a nan bukatarmu ta fi haka yawa: Hausa na son ɓ, ɗ, ƙ da alamar da ke cikin A'isha da Sa'adatu da 'yar, in biki na Fulani ne ana iya neman ƴ da ŋ, sunayen da aka rubuta da tsarin Faransanci kuma, kamar Aïssatou, suna da nasu ɗigo da alamomi. Wasu kan bar ƙugiyar su ce za a gane. Sau da yawa ana ganewa, amma "Barka da zuwa baƙi" in ta rasa ƙugiya ta koma maganar baki, kuma albam abu ne da za a ajiye shekaru.

Hanya ta farko, ki ƙera harafin daga 'yan'uwansa. A ƙananan baƙaƙe, ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ duk a saman sanda take, ta lanƙwasa dama, kuma wannan ita ce siffar kan harafin f. Ki kwafi f na cikin jerin, ki yanke kansa daga sama da sandar gicciye, ki datse saman b, d ko k, ki ɗora kan f ɗin a wurin, sandunan su haɗu cif. Ki bar su su hau juna da fiksel goma, ki goge mahaɗar da magogi mai laushin baki. Manyan Ɓ da Ɗ kuwa ƙugiyarsu a hagu take, ta fito daga saman sanda ta lanƙwaso ƙasa. Wutsiyar babban J in aka kifa ta sama ta koma ƙasa tana ba da wannan siffar. Ƙ babba ita ce mai wuya, don hannunta na dama na sama ne ke lanƙwasa, sai an juya yankin an daidaita shi da gangaren. Ɗigo biyun ï kuwa, ɗigon i ne a kwafa sau biyu. Wannan dabarar na tafiya lafiya a haruffa masu launi ɗaya ko masu ƙananan zane. A na zinare masu sheƙi takan tona kanta, domin in kika kifa yanki, hasken da ke gefensa na sama ya koma ƙasa, mahaɗar ta fito fili.

Hanya ta biyu ita na fi ba da shawara, musamman ga mai yin aikin don kuɗi: ki yi naki haruffan. Ki sauke salon rubutu mai ɗauke da haruffanmu. Noto Sans na Google yana da su har da mai kauri sosai. Andika, Charis SIL da Gentium ma suna da su, kuma duka kyauta ne, lasisinsu ya yarda a yi sana'a da su. Duk salon da ya burge ki, ki gwada shi da wannan layin kafin ki amince: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ ŋ é ï. In harafi ya fito akwati, babu shi. In ya fito amma ya fi sauran siranta ko siffarsa ta bambanta, shi ma babu shi, manhajar ce ta aro daga wani salon ba ta gaya miki ba, kuma wannan ya fi akwatin haɗari don yana wucewa ba a gani ba. Allon kwamfutocinmu na Faransanci ba shi da haruffan, amma Gboard, allon rubutun Google na waya, yana da Hausa. Ki rubuta kalmar a can ki tura wa kanki, ki kwafa.

Bayan kin rubuta kalmar da salo mai kauri, ki ɗauki hoton abin da kike son ya cika ta: atamfar ankon bikin, leshin amarya, shadda, fatar dukanci, tabarma. Ki shimfiɗa shi da rana a cikin inuwa, ba a cikin ɗaki da fitila ba, ki ɗauka daga sama a miƙe. Ki ɗora hoton a leyar da ke saman rubutun, a Photoshop ki danna Ctrl, Alt da G tare, sai yadin ya shige cikin haruffan. Photopea da ke aiki a burauza ma yana yin haka, PixelLab a waya kuma yana karɓar salon rubutun da kika sauke, yana barin a cika rubutu da hoto. Ki lura da girman zanen yadin. Atamfa mai manyan furanni in ta shiga siririn harafi sai ta farfasa shi, wani gefe fari wani baƙi, sunan ya ɓace. Ki rage hoton har zanen ya maimaitu aƙalla sau biyu a faɗin sandar harafi, ko ki zagaye haruffan da layi mai launi ɗaya, kaurin fiksel takwas zuwa goma sha biyu. Ribar wannan hanyar, tazara da layi manhaja ce ta yi miki, gyara kaɗan ya rage, kuma sunan amarya da ankonta abu ne da ba za a same shi a albam ɗin kowa ba.

Rubutun Larabci ko Ajami, wanda masu aiki a Injamena da Kuseri za su fi cin karo da shi, ba ya jeruwa harafi-harafi kwata-kwata. Baƙaƙensa suna haɗewa, kuma siffar kowanne na sauyawa gwargwadon ko yana farko, tsakiya ko ƙarshen kalma. A rubuta kalmar ɗungurungum, a cika ta da ado a matsayin abu ɗaya. Salon Harmattan an yi shi ne don Ajamin Afirka ta Yamma, Alkalami kuma ya bi hannun rubutun Kano. In baƙaƙen suka fito a rarrabe ko suka juya daga hagu, ba a kunna tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya a manhajar ba. A ganina kuma ayar Alƙur'ani ba wurinta ba ne albam ɗin da yara za su yi ta ja a tsakar gida, addu'a da Hausa ta isa.

Inuwa ce ke sa harafi ya yi kamar an manna shi a takarda. Ƙa'idarta ɗaya: duk abin da ke shafin, hoto, fure da harafi, inuwarsu ta faɗi ɓangare guda. An saba sa haske daga sama ta hagu, kusurwa 120, inuwa ta faɗi ƙasa ta dama. A shafi mai fiksel 3500, harafi mai kamar takarda nisan inuwarsa fiksel 8 zuwa 12, laushinta 10 zuwa 15, ƙarfinta kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari. Mai kamar katako ko ƙarfe a ninka nisan da laushin. Launinta ya zama ruwan ƙasa mai duhu, baƙi wuluk yana sa shafi ya yi datti. Ki duba ko haruffan da kika sauke sun zo da inuwarsu a jiki. In haka ne kada ki ƙara wata, kuma kada ki juya su, don inuwar za ta juya tare da su.

Ki gina taken a fayil dabam, ki ajiye shi da leyoyinsa, PSD in a Photoshop ne ko XCF in a GIMP ne, sannan ki fitar da kwafi guda na PNG marar bango ki kai shafin. Wannan na rage wa kwamfuta ko waya nauyi, kuma in uwar amarya ta ce an yi kuskure a suna, harafi ɗaya za ki sauya. Kuskuren suna kuwa ya fi kowane yawa a yankinmu, saboda mutum ɗaya Umaru ne a gida, Oumarou a takardar haihuwa. Ki sa mai aikin ya rubuto miki sunan yadda yake so, ki tura masa hoton taken ya amince a rubuce kafin bugu. In haruffan saye kika yi, ki karanta sharaɗinsu, da yawa don amfanin kai kawai aka yarda, ba don aikin da za a biya ki ba.

Wajen bugu, ki ƙara milimita 3 a kowane gefen shafi, kimanin fiksel 35, don abin da wuƙar yanka za ta ci, kuma kada harafi ya matso bakin takarda da ƙasa da santimita ɗaya. In shafi biyu ne a buɗe, kada suna ya ratsa tsakiya, harafin da ya faɗa kan ninki zai nutse. Ruwan zinaren da ke walƙiya a fuskar waya hasken fuskar ne ke taimaka masa, a takarda yakan koma rawaya mai duhu, don haka a ɗora shi a kan bango mai duhu sosai, ba a kan ruwan madara ba. Injinan wankin hoto galibi tsarin launi na RGB suke karɓa, maɗaba'a kuma na CMYK, ki tambaya kafin ki fitar da fayil. Ki kai shi a filashi ko ki tura a matsayin takarda. Kafin a buga albam ɗin duka, ki yanko yankin taken a ainihin girmansa, ba tare da ragewa ba, a buga miki shi a takardar hoto ta santimita 10 a 15. A nan za ki ga bakin haruffan, mahaɗar ƙugiya da launin zinaren yadda injin wannan situdiyon zai fitar da su.